Tururin Asuba

Shekara ashirin da shida
ina kallon Nima ta bayan gilashi.
Ina aji uku malam ya ce, "Adiza, karanta allo."
Na ce allon ai babu komai.
Aji ya kwashe da dariya.
Ran Asabar Baba ya sayar da rediyonsa,
ya ɗora mini tabarau a karan hanci,
mai kauri kamar gindin kwalba.

Wake da shinkafa ce sana'ata.
Kafin kiran assalatu na buɗe tukunya,
tururi ya taso, ya rufe ni ruf,
in tsaya da ludayi a hannu, makauniya,
ina goge gilashi da bakin zane,
layi na jira,
yaron torotoro na ta kiran Madina, Madina.
Canjin da na bayar fiye da ƙima a cikin hazon nan
Allah kaɗai ya san adadinsa.

Na yi zubin adashi wata goma sha takwas.
Ranar da na kwasa, yayata Zinatu ta riƙe haɓa:
"Ido fa ba riga ba ne,
in tela ya ɓata, babu wani yadin.
Ke da hankalinki za ki kwanta a sa miki wuta?"
Na ce ba wuta ba ce, haske ne, leza sunansa.
Ta ce, "Sunan dai."
Amma ita ta raka ni har Osu,
carbi na gudu a hannunta.

Likita Amponsah ba ta da yawan magana.
Ta auna, ta sake aunawa,
ta ce fatar gaban idona na da kaurin da ake so.
Ta ɗiga magani, ido ya yi shiru.
"Ga koren ɗigo can sama. Shi kaɗai za ki kalla."
Na kalla.
Inji ya yi ƙas ƙas ƙas,
wani ƙauri ya bugi hancina
irin na babbakar ƙafar saniya,
na ce a raina, yau ni ce a kan murhu.
Ban kai ƙarshen Ƙulhuwallahu ta biyar ba
ta ce, "Ɗayan kuma."

Yinin nan kamar an watsa mini yashi.
Hawaye ba kuka ba.
Na kwanta, an ja labule,
an hana ni murza, an hana ni hayaƙi kwana bakwai.
Zinatu ta riƙe tukunya,
ta cika gishiri, masu saye suka yi ta cigiyata.

Da gari ya waye hannuna ya tafi lalube gefen katifa,
sai ya tsaya.
Ga ƙusoshin rufi, ɗaya bayan ɗaya.
Ga saƙar gizo a lungun da nake rantsuwa na share.
Ga Sumaila yana barci,
furfura ta ci rabin gemunsa,
ni kuwa da dare ban taɓa ganinsa ba sai inuwa.
Na daɗe ina kallonsa.
Ban tashe shi ba.

Likita ta ce in arba'in ta wuce
wataƙila zan nemi na karatu.
To, in sun dawo, sun san hanya,
gurbinsu ma bai goge daga hancina ba.
Har yau yatsana kan hau can
ya tura abin da babu.

Tsohon yana cikin gwangwanin madara,
tare da allura da maɓallai.
Ban iya yar da rediyon Baba ba.

Ran kwana na takwas na buɗe tukunya da kaina.
Tururi ya taso yadda ya saba,
ya shafi fuskata, ɗumi,
ya wuce.
Can ƙarshen layi, kusa da kwata,
wata yarinya mai kayan makaranta
tana ƙanƙance ido
tana ƙoƙarin karanta farashi a allona.